Tagar da Na Toshe

Sallama gare ku, ku da kuka daɗe kuna biye da ni, da ku da yau ne kuka fara cin karo da labarina. Ni ce Zakiyya ta Tsiga. A aji biyar na firamare na tsaya, saboda haka abin da na tuna shi nake rubutawa, yadda ya zo mini. Na yau kuwa ya daɗe yana cina, sai ranar Alhamis ɗin nan ya fito daga bakina.

Yayata Nana Khadija ta rasu a Legas bara war haka, kwana goma sha tara da haihuwa. Ni aka tura in yi mata zaman jego, ni kuma na dawo da jaririyar a bayana, Aisha Humaira. Na taɓa aure a Bakori shekara biyu, Allah bai ba ni haihuwa ba, auren ma bai yi ƙarko ba. Humaira ce ta fara ce mini Mama. Da madarar gwangwani da kunun gyaɗa na raine ta, a kan ƙirjina take barci.

Ubanta Mahadi mutumin Malumfashi ne, yana sayar da albasa da tattasai a Legas, can wajen Aja, kusa da ruwa. A wurin zaman makoki aka yi da shi cewa za a bar mana yarinyar sai ta yi ƙafa. To, Talatar makon jiya ta saki bango ta yi taku huɗu zuwa gindin turmi. Inno, mahaifiyarmu, ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai na nemi wuri na zauna.

Tun kafin azumi Yaya Mahadi ya aiko wa Kawu Sanda, ƙanen marigayi babanmu, cewa yana so na. In na yarda, a ɗaura, mu tafi mu uku. In ban yarda ba, ba dole, amma zai ɗauki 'yarsa ya kai ta wurin ƙanwarsa da ke aure a Agege, inda zai riƙa ganinta.

Kada in yi muku ƙarya, ina sonsa. Ban san ranar da abin ya fara ba. Kullum bayan la'asar yake kira don ya ji gwarancin Humaira, daga baya sai ta yi barci mu ci gaba da hira. Amma duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce, ba zan iya zafin Legas ba. Shi kuma ya ɗauki maganar da gaske, ya ɗaura ɗamarar kare garinsa.

Ranar Litinin ya turo mini hoton ma'aunin zafi daga wayarsa, ya rubuta a ƙasa: “Baƙauyar Tsiga, buɗe ido ki gani. Funtuwa arba'in da ɗaya, Legas talatin da biyu. Wa ke cikin tanda?”

Na danna na yi masa saƙon murya, don rubutu yana ɗaukar mini lokaci. “Wayarka ba ta da fata, Yaya Mahadi. Ka sa mata zane ta kwana ɗaya a ɗakinku, ta zo ta faɗi gaskiya.”

Ya turo dariya. Sai ga bidiyo, yana tsaye a bakin ruwa, iska tana kaɗa masa riga har muryarsa ba ta fita sosai. “Kin ji ta? Kyauta ce, ba ruwanta da ɗauke wuta. Ku kuma iskarku kamar an buɗe bakin murhu.”

Ban iya kallon bidiyon har ƙarshe ba. Na kife wayar a kan tabarma.

Bari in gaya muku yadda abin yake, tunda na ɗanɗani biyun. Zafinmu na bazara maƙiyi ne mai sallama, ta gaba yake zuwa. Daga ƙarfe goma ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki, kwanon rufi ya riƙa ƙara. Amma ka shiga inuwar bishiyar bedi, wato dogonyaro, sai ya tsaya a waje ya jira ka. Ka jiƙa zane ka yafa, kafin ka gama tsince shinkafa ya bushe, ya tafi da zafin jikinka. Randa tana gumi a lungu, ruwanta har haƙori yake kamawa. A tsakar gida muke kwana, da asuba ma sai ka ja mayafi.

Na can kuwa ba ya sallama. A inuwa yana nan, a ɗaki yana nan. Ka yi wanka, kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa, gumin kuma ba ya bushewa, sai ya kwanta maka a fata kamar mai. Na tafi da ƙaramin tulu, na naɗe shi da tsumma tun daga Tsiga don in yi wa Yaya Nana gata. Ruwan ya kwana a ciki ya tashi da ɗumi kamar yadda na zuba shi. Gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, kukar da na kai ta dunƙule. Kayan jaririya su yi kwana biyu a igiya suna warin danshi. Takalmin fatar Yaya Mahadi har fumfuna ya yi a ƙarƙashin gado.

Amma in na tsaya nan na ci amanar gaskiya. A can leɓe ba ya tsagewa, yara ba sa haɓo, kaushin ƙafata ma sai da ya kwanta. Kuma da la'asar wata iska tana tasowa daga ruwa, mai ɗan ƙarni, mai laushi. Yaya Nana tana son iskar nan kamar me. Ta ce mini duk watannin cikinta a bakin taga ta yi su, tana jiran ta.

Ranar Talata Kawu Sanda ya biyo ta gidanmu daga kai taki gona. Ya zauna a kan turmi ya cire hula yana fifita da ita. Inno tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri.

“Zakiyya, jibi mutumin nan zai iso. Me zan ce masa?”

“Kawu, zafin garin ne.”

Ya ɗaga gefen rigarsa da ta manne masa a baya. “Dube ni nan. Wannan ƙanƙara ce ta zubo mini? Ke dai faɗi abin da ke ranki. Ba wanda zai ɗinke ki a buhun masara ya loda ki a mota.”

Na sunkuyar da kai ina wasa da yatsun Humaira.

“Bar ta, Sanda,” in ji Inno ba ta ɗago ba. “Ta fi so 'yar marigayiya ta tashi a hannun bare, ta dawo mana tana gwaranci da Yarabanci.”

Inno ba ta taɓa kiran sunan Yaya Nana ba, don ita ce 'yar fari. Tana da rai “yarinyar nan” ce, da ta rasu ta koma “marigayiya”. Ko a makoki ban ji sunan a bakinta ba.

Kawu ya sassauta murya. “Na sani, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ajali ba ya tambayar gari, 'yata.”

“Iskar ruwan nan ce ta cinye ta,” in ji Inno. “Duk dabarar da muka yi sai da sanyi ya sami hanya. Ke dai in kin je ki riƙa rufe jikinki.”

Na tashi na shige banɗaki don kada su ga fuskata.

Ga abin da ba su sani ba. Mako uku da suka wuce aka fara raɗe-raɗin sanƙarau, an ce an kwashi yara biyu daga wata unguwa zuwa asibiti a Funtuwa. Kun san shi, ciwon bazara ne, da zafinmu yake zuwa. Ana cikin haka, wata rana da azahar na taɓa Humaira na ji jikinta rau. Ko takalmi ban tsaya nema ba, na saɓe ta na yi gidan Mama Rahab. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, Kirista 'yar Gozaki, ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta ajiye.

Ta kwantar da ita a cinya, ta lanƙwasa mata wuya har haɓa ta taɓa ƙirji, ta taɓa maɗiga, ta leƙa baki.

“Kwantar da hankalinki, uwar 'ya. Haƙori ne da rana. Amma wannan rigar sanyin fa? A watan nan?”

“Inno ta ce kada iska ta shige ta.”

Ta yi tsaki tana cire mata rigar. “Mu da tsoron iska. Ba ta ruwa sosai, ki buɗe taga, kada ku cunkushe a ɗaki ɗaya. In kin ga wuya ya sanƙare ko ta ƙi shan komai, ki ruga asibiti, kada ki biyo ta nan. Ni a aikina rufaffen ɗaki ya fi iska kawo mana gawa.” Tana shafa wa Humaira ruwa ta ci gaba, kamar mai hirar kasuwa. “Akwai wata mai jego da aka taɓa kawo mana. An sa mata kaskon gawayi a ƙarƙashin gado, aka rufe ƙofa da taga, wai gashin jego. Shi gawayi ba ya hayaƙin da ido ke gani, amma yana ɓata iskar ɗaki. Ko kuka ba ta yi ba.”

Na ce, “Mama, yaya mutum yake yi?”

“Ciwon kai tukuna, da jiri. Sai barci. In kin gan shi sai ki ce hutawa yake yi.” Ta dube ni. “Lafiya? Ke ma ranar ta buge ki ne?”

Na ce eh, rana ce.

Yanzu bari in koma da ku ɗakin nan.

Da a gida Yaya Nana za ta haihu, kamar kowace mai cikin fari, amma ƙafafunta suka kumbura, likita ya hana ta doguwar tafiya. Inno kuma gwiwa ba ta barinta zaman mota na kwana da yini. Sai aka haɗa ni da buhu, gero da kanwa da yajin jego da busasshen ganye, sauran kuma Inno ta ce za ta riƙa gaya mini a waya.

A gidanmu mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, don kada sanyi ya shige ta. Haka aka yi wa Inno, haka aka yi wa kakarmu. Amma ɗakin kakarmu na jinka ne, iska tana shiga ta ko'ina, ƙofar ma asabari ce kawai. Ɗakin Yaya Mahadi kuwa siminti ne da silin, ƙofar katako, taga ɗaya ta gilashi mai yanka-yanka. Gadon ƙarfe ne, sai muka sa kaskon gawayi a ƙarƙashi. Ba wanda ya tuna da bambancin a cikinmu.

Kwanakin farko ƙofa a buɗe take wuni, don ina shiga ina fita, ga 'yan barka. Ranar ta goma sha tara Yaya Nana ta tashi da ɗan tari. Na kira Inno.

“Kin gani ko? Iskar ruwa ce, sanyi ne tsantsa, kada zafin garin ya ruɗe ki. In ya shiga jikin mai jego ba ya fita. Ki ƙara wuta, ki toshe ko'ina.”

Na ƙara gawayi har ya yi tozo. Na rufe gilasan tagar, na bi tsakaninsu da tsohon zane ina cusawa da bakin cokali, don a gaya wa Inno na iya aiki. An ɗauke wuta tun safe, fanka a tsaye. Humaira tana ta tsala kuka saboda ƙurajen zafi sun feso mata a wuya, sai na goya ta na ɗauki bokitin wanki zan tafi famfo a bayan gida.

Yaya Nana tana kwance da ɗaurin ƙirji, wani zane mai ruwan goro, gumi yana bin wuyanta.

“Zakiyya, kaina yana sarawa. Ɗan buɗe mini tagar nan. Iskar la'asar ta taso, ina jin ta a ganyen kwakwa.”

“Yaya, ki daure. Saura kwana ashirin da ɗaya. So kike Inno ta ce na kashe mata 'ya?”

Ta yi 'yar dariya ta lumshe ido. “To, ungozoma.”

Na ja ƙofa. Na ga haske yana fitowa ta ƙarƙashinta, sai na tura tsumma da ƙafa na toshe.

A famfo akwai layi. Iskar tana kaɗawa, Humaira ta yi barci a bayana, ni ma har na ji daɗi na tsaya sauraron wasu mata suna faɗa a kan bokiti. Da na dawo na buɗe ƙofar, wani jiri ya ɗebe ni sai da na dafa bango. Tana kwance yadda na bar ta, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kunci. Na ce, “Yaya, tashi ki sha kunu.” Sau uku na faɗa.

A asibiti Yaya Mahadi ne ya shiga wurin likita, suka yi magana da Turanci. Da ya fito ya ce mana zuciyarta ce ta tsaya, yana faruwa ga masu jego. Haka na kawo labarin Tsiga, haka kowa ya karɓa. Ni ma shekara guda ina zagin iskar Legas, har ranar da Mama Rahab ta yi hirarta.

Tun daga ranar nake tsakanin tsoro biyu. In na bi shi, zan kwanta a gefen mutumin da na raba da matarsa, bai sani ba, kullum la'asar iskar nan ta zo ta taɓa taga. In na gaya masa, wane uba ne zai bar 'yarsa a hannun da ya toshe ƙofar? In kuma na yi shiru na ƙi, ranar Asabar da zai koma Legas a ɗauke mini ita. Kowace hanya na bi, a wurin Humaira take ɓullewa.

Ranar Alhamis da hantsi saƙonsa ya shigo: “Na iso Malumfashi. Garinku ya gasa ni tun daga Zariya. Bayan la'asar ina nan tafe, a tanadar mini ruwan randa.”

Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin mayafi. Kwalli sau biyu ina sawa gumi yana wanke shi, na haƙura. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na cika kwanon sha da ruwan randa na rufe da faifai. Yaran gida duk sun fita wasa, daga ni sai Inno sai Humaira da ke barci a ɗakinta.

Ya zo cikin shadda ruwan toka, bayan rigar ya jiƙe sharkaf. Ya rame. Muka gaisa, ya ɗaga kwanon bai sauke ba sai da ya ga gindinsa.

“Wannan kam kun fi mu,” in ji shi yana goge gemu. “Na yarda. Ɗaya da ɗaya ke nan. Amma na sauya gida, Zakiyya. Bene ne, taga biyu suna kallon juna, iska tana shiga ta nan ta fita ta can. Ko fanka ba...”

“Yaya Mahadi.”

Ya tsaya.

“Ba zafi ne ya hana ni ba.”

Na kafa idona a kan saƙar tabarma na fara. Na gaya masa tarin, da wayar Inno, da gawayin da na ƙara, da cokalin. Na gaya masa abin da ta roƙe ni da abin da na ce mata. Na gaya masa tsumman ƙofa. Muryata tana fita kamar ta wata. Da na gama na ce, “Ba zuciya ba ce. Ni ce. In za ka ɗauki 'yarka yau, ba zan ce komai ba. Ka dai bar ni in haɗa mata kayanta da kaina, don ba ta barci sai da wani ɗan zane.”

Ya daɗe yana juya kwanon a hannunsa. A waje wani mai amalanke ya wuce yana yi wa shanunsa magana.

“Wa ya gaya miki?”

“Mama Rahab. Ba ta san da ni take ba.”

Ya ajiye kwanon a hankali. “Abin da likitan ya fara tambayata ke nan, ko akwai wuta a ɗakin.”

Na ɗago.

“Wa ya sayo gawayin, Zakiyya? Buhu guda, a kafaɗata na shigo da shi, ina taƙama matata ba za ta rasa gatan gida ba don tana Kurmi. Shekarata tara a garin nan. Na san abin da janareta yake yi wa mutane a rufaffen ɗaki, na je jana'izar waɗanda ya kashe. Amma ban taɓa kawo gawayi a ciki ba, saboda shi abin gidanmu ne.”

“Ka ce mana zuciya.”

“Na fito na same ki zaune a ƙasa da jaririya a baya, ko takalmi babu a ƙafarki. Na tuna da tsohuwa a Tsiga. Me kike so in ce?”

Hawayen da suka ƙi zuwa mako uku sai a lokacin suka zo. Na ce, “Kana sane ka bar mini ita?”

“'Yan'uwana mata huɗu ne a Malumfashi, kowacce ta roƙe ni. Na san hannun da na ba wa 'yata.” Ya share fuskarsa da hula. “Abu ɗaya ne ban sani ba sai yau. Ban san ta ce a buɗe ba.”

A nan ne asabarin ƙofar cikin gida ya motsa.

Inno ce, da Humaira a kafaɗa. Ashe yarinyar ta farka, ta ɗauko ta don ta sauke ta a bakin zaure ta taka zuwa wurin ubanta ya gani da idonsa. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Inno da ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ko gaisuwa ta bayan asabari suke yi, sai ga ta ta shigo tsakiyar zaure, kanta ko mayafi babu.

Yaya Mahadi ya zame daga tabarma ya durƙusa. “Inno, ina wuni.”

Ni kaɗai take kallo.

“Nana ta ce a buɗe mata?”

Shekarata ashirin da shida a duniya, ranar na fara jin sunan a bakinta.

Na gyaɗa kai.

“Kika ce mata ni na hana.”

“Inno, ba ki sani ba. Ba wanda ya sani a cikinmu,” in ji Yaya Mahadi. “Kwananta ne ya ƙare.”

Kamar ba ta ji shi ba. Ta dubi Humaira, ta gyara mata wuyan riga, ta shafa kanta. Sannan ta taka har gabansa ta miƙa masa ita da hannu biyu.

“Karɓi 'yarka, Mahadi. Mu ba mu iya riƙo ba.”

Ta juya ta shige. Muka ji ƙarar ƙofar ɗakinta, muka ji ta sa sakata, da la'asar sakaliya, a wannan zafin.

Humaira ba ta san shi ba sai a waya. Ta dubi gemunsa, ta ɓare baki, ta miƙo mini hannu biyu tana “Mama, Mama.” Na yunƙura zan karɓe ta, ƙafata ɗaya kuma ta riga ta juya wajen ɗakin Inno.

Bai miƙo ta ba, bai kuma hana ni ba. Ya rungume ta tana ta zillo, ya dube ni ta saman kanta.

“Je ki buɗe wa Inno ƙofa tukuna,” ya ce. “Mu muna nan. Amma motar ranar Asabar za ta tashi, Zakiyya, kuma da yarinyar nan za ta tashi.”

Na tafi na tsaya a ƙofar Inno ina bugawa. A bayana Humaira tana kirana, a gabana ko tari babu.